Darasi na 17: Shirya Motar Gida Kafin a Kai Ta Filin Gwada Gudu

Duk garin da ke da kwalta da samari a ƙasar nan ya san wasan mota. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya, sai ka ga yaro ya karɓi motar yayansa ko ta maigidansa, ya cika ta da abokai, wasu sun fito da rabin jiki ta taga. Ya zabura a tsakiyar gari, ya fizgi hambirki, mota ta juya tana kuka, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo na ta shewa. Kazaure ta san wannan, Babura ma ta sani. Dattawa suna Allah wadai, kuma da gaskiyarsu, domin titin da ake wasan a kai shi ne almajiri ke tsallakawa da kwanonsa, shi ne mai kura ke turo ruwa a kai. Sai dai faɗa kaɗai bai taɓa cire wa saurayi sha'awar gudu ba. Kakanninsa ma sun yi ta, a kan doki. Bambancin kawai, mai sukuwa ba ya yin ta a cikin kasuwa, kuma kafin ya sa ƙafa a likkafa sai ya duba linzami da majayi da kofato.

Darasin yau a kan irin wannan dubawa yake. Za mu ga yadda ake shirya motar da ake zuwa aiki da cefane da ita, Golf ce ko Corolla ko Fijo 406, idan mai ita yana son ya gwada ta a rufaffen fili karo na farko. Da yawa daga cikinku direbobi ne, wasu kanikawa, wasu kuma iyayen masu wasan. Ko wanda bai taɓa tunanin shiga fili ba zai amfana, don shirin da ke fitar da mota lafiya daga filin gudu shi ne ke kai ta Daura ta dawo a tsakiyar bazara.

Wane irin fili ake nufi?

A wasu ƙasashe an ware wa masu wannan sha'awa wurinsu. A Jamus akwai Nürburgring, wanda aka buɗe a 1927, zagayensa na arewa ya kai kusan kilomita 21. A wasu ranaku kowa na iya biyan kuɗi ya shiga da motarsa ta gida. A Ingila akwai Silverstone, tsohon filin jiragen yaƙi da aka fara babban tseren mota a kansa a 1948. A Afirka ta Kudu akwai Kyalami kusa da Johannesburg, tun 1961. Masu irin waɗannan filaye kan sa ranar da sababbin shiga ke zuwa. Ba tsere ake yi a ranar ba, babu na ɗaya babu na biyu, babu kofi. Kowa na koyon motarsa ne a wurin da babu mai tsallaka titi, babu tirela da ke tahowa gaba da gaba, ga kuma mai koyarwa zaune a gefensa. Kafin a bar mota ta shiga, sai an duba ta.

Mu a wannan yanki ba a gina mana irin wannan ba. Abin da ƙarfinmu zai iya shi ne ƙaramin fili mai faɗi, da izinin hukuma, a jera alamu a ƙasa, mota ɗaya ta shiga ta fita sannan wata ta shiga. Za mu zo kan wannan a gaba. Motar tukuna.

Lissafin da ya kamata kowane direba ya iya

Ku ɗauki alƙalami. Kilomita 100 mita 100,000 ke nan. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce. Ku raba, za ku sami kusan 28. Wato motar da malejinta ke kan 100 tana cinye mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga akuya zuwa lokacin da ƙafarsa ta isa birki, daƙiƙa guda ta tafi, wani lokaci fiye. Mita 28 sun wuce birki bai ko fara aiki ba.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Idan gudu ya ninka sau biyu, aikin birki ninkawa yake sau huɗu. Motar da za ta tsaya cikin mita 12 daga gudun 50, tana buƙatar kusan mita 48 daga gudun 100, a kan busasshiyar kwalta ke nan. A kan burji ko yashi abin ya zarce haka nesa ba kusa ba. To ina ƙarfin gudun yake tafiya idan mota ta tsaya? Zafi yake komawa. Mota mai nauyin kilo 1,200 da aka tsayar cak daga gudun 100 takan zuba wa birkinta zafin da ya isa ya tafasa ruwa kusan lita ɗaya da rabi, cikin 'yan daƙiƙu. A kan hanya sau ɗaya ake irin wannan tsayawa a yini, ko ma ba a yi ba. A fili kuwa ana yi ana maimaitawa, birki bai huce ba an sake taka shi. Duk sauran darasin nan daga wannan lissafi ya fito.

Birki

Za ka ji mai mota ya ce wa bakanike, "Malam, birkina fa lafiya lau yake, ko jiya daga Kano na dawo ban ji komai ba." Bakaniken da ya san aikinsa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai birki mai sanyi kowane iri ne yana kamawa. Bari mu ga mansa."

Man birki yana da wani hali da mutane da yawa ba su sani ba: yana shan danshin iska. A hankali, damina bayan damina, ruwa na shiga cikinsa ko da ba a taɓa buɗe murfin ba. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, mai lamba DOT 4 kuma sai 230. Idan suka tsufa suka sha ruwa, na farko na iya tafasa a 140, na biyu a 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka zuwa taya. Tururi kuwa yana matsuwa. Sai ka taka birki ya tafi har ƙasa ba tare da ya riƙe komai ba. Bayan minti 20 ya huce, ya dawo kamar ba shi ba, mutane su ce aljanun hanya ne.

Saboda haka abu na farko da za a kashe wa kuɗi shi ne a juye tsohon mai gaba ɗaya a zuba sabon DOT 4 daga gwangwanin da aka fasa a gabanka. Ƙari a kan tsoho ba juyewa ba ne. Kada a yarda da mai lamba DOT 5 zalla, wannan wani iri ne dabam, ba ya haɗuwa da sauran. Ruwan omo da wasu direbobin haya ke ɗurawa idan mai ya tsiyaye a daji kuwa, a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cinye robobin ciki ya sa tsatsa. Motar da aka taɓa yi wa haka sai an wanke hanyoyin birkinta an sake robobi.

Aikin juye man birki na mutum biyu ne. Yaro na zaune a kujerar direba, maigidansa na tsugune a gindin taya da ƙaramar sifana, ya maƙala siririn tiyo mai haske a kan ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin tiyon na cikin kwalba. A yawancin motoci daga tayar baya ta dama ake farawa, don ita ta fi nisa da tukunyar mai. "Buga!" Yaro ya taka sau uku ko huɗu. "Danne!" Ya riƙe ƙafa a ƙasa. Maigida ya sassauta noti, wani baƙin ruwa mai kumfa ya biyo tiyo, birki ya nutse a ƙarƙashin ƙafar yaro, maigida ya ɗaure. "Saki!" Idan yaro ya yi gaggawar saki kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo, shi ya sa za ka ji ana daka masa tsawa. Haka za a yi ta yi har abin da ke fita ya zama garau babu kumfa, sannan a koma taya ta gaba. Tsakanin kowace taya a leƙa tukunya a ƙara mai, kada ta ƙafe.

Tunda tayoyi na ƙasa, a duba fad, wato takalman nan biyu da ke matse faifan birki. Sabo kaurinsa milimita 10 zuwa 12 ne. Idan ya ci fiye da rabi a sake, domin siririn fad yana saurin miƙa zafi ga mai. A duba na ciki, shi ya fi cinyewa kuma shi ne ba a gani daga waje. A Ƙofar Ruwa a Kano za a ɗora maka iri uku ko huɗu a kan tebur, kowane da farashinsa. Nan ba wurin neman araha ba ne. Mai arha idan ya ji wuta yakan yi santsi, wani ma ya ɓare daga ƙarfensa. Kuma sabon fad ba a kai shi fili washegari. A yi kwanaki ana yawo da shi, ya zauna a kan faifai. Faifan da ya tsage ko ya yi kwari a jefar. Tiyon roba da ke kai mai ga kowace taya, a lanƙwasa shi da hannu, idan ya nuna tsaga ko kumburi ya gama aiki.

Taya

Abin da ke taɓa ƙasa a jikin mota duka bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba. Inji da birki da sitiyari, duk ta nan suke isa ƙasa.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta. Ku nemi inda aka rubuta DOT, ku bi layin har ƙarshe, za ku ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye mai tsawo. Idan kun ga 2319, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci a ɓangaren ciki aka buga, sai an leƙa ƙarƙashin mota. Idan lambobi uku ne kacal, tayar ta girmi shekarar 2000, kada ma a tsaya ciniki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a wuce shekara huɗu daga ranar da aka ƙera taya. Roba tana bushewa ko ana amfani da ita ko tana jingine a shago. Taya na iya zama da zane raɗau amma ta ƙeƙashe, gefenta duk ƙananan tsagu.

Yawancinmu tayar gwanjo muke saye, ba don ba mu san sabuwa ta fi ba. To a ƙalla a san abin da ake saye. Akwai wadda aka yi don ƙasashen ƙanƙara, za ku gane ta da hoton dutse mai kai uku da ɗan tauraron ƙanƙara a cikinsa, zanenta kuma cike da ƙananan yanka. Robarta mai laushi ce, an yi ta don sanyi. A kan kwaltar Babura a watan Afrilu sai ta yi ta narkewa tana lanƙwasa a kwana. Akwai kuma harafin da ke nuna jurewar zafi, A ko B ko C, kuma A ta fi. Zurfin zane kada ya gaza milimita 3 ga mai shiga fili, ko da yake 1.6 shi ne iyakar da taya ke mutuwa. Tayar da ta yi ƙulli a gefe, ko aka yi mata faci a gefe, ko aka cusa mata tib don ta ƙi riƙe iska, ba ta shiga. Tayoyin gaba biyu su zama iri ɗaya girma ɗaya, na baya ma haka.

Sai iska. Ka tsaya wurin mai faci ka ce ya ƙara, in ba ka yi magana ba sai ya ɗura 45 ko 50, wai don ta ɗauki kaya. Abin da kamfanin motar ya ce yana nan a rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko bayan murfin tanki, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa. Ta yi kaɗan, gefen ya yi ta murɗewa yana ɗaukar zafi har ta fashe. A auna da safe taya na da sanyi, da gejin da ka yarda da shi. Bayan 'yan zagaye za ka ga ta ƙaru da 3 zuwa 5, wannan ba laifi ba ne.

Notin taya kuma su cika. Motoci nawa ne ke yawo da uku a inda aka yi wa huɗu? A ɗaure su a gicciye, wannan sannan na daura da shi. Al'adar zura bututu a sifana yaro ya hau yana tsalle tana miƙar da kusoshin har su karye ran da ba a zata ba. Nauyin kilo 30 zuwa 35 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 35 ya ishi ƙaramar mota.

Kafin a sauke jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan dama da hagu. Idan an ji ƙwas-ƙwas, boljoyin ne ko tayarod ko boris, kuma a gyara kafin komai. Motar da ke bin hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa masu tsakuwa da gargada ba ta daɗewa ba ta kwance ƙafa ba. Shokozoba mai tsiyayar mai ita ma a sake ta.

Zafin inji

A watannin Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa. A fili kuma inji na ta kuka a ƙaramar giya, gudun bai kai wanda zai turo isasshiyar iska cikin lagireto ba. Nan ne duk wata ɓoyayyiyar cuta ke fitowa.

A fara da abu mafi arha, murfin lagireto. Aikinsa ya riƙe matsi, kuma da wannan matsin ne ruwa ke kaiwa kusan digiri 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka yi wa ciko da leda, ya mai da ruwan na tukunyar shayi. Ruwan rijiya da muke ɗurawa yana barin farin gishiri da tsatsa da ke toshe ƙananan hanyoyin ciki. A wanke, a zuba ruwan lagireto mai kala. Daga waje kuma a fesa ruwa a hankali a fitar da ƙura da ƙaiƙayi da suka liƙe tun hunturu. A matsa tiyoyi da hannu inji na sanyi: wanda ya yi laushi tiɓis ko ya ƙage kamar itace a sake shi. A duba fanbel, a kuma tabbatar fanka tana tashi da kanta.

Ina da magana da 'yan'uwa kanikawa a kan tamostat. Da motar Kwatano ta iso, abu na farko da wasu ke yi shi ne su cire shi su jefar, su haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Mota mai lafiyayyen lagireto ba ta ɗaukar zafi saboda tamostat mai aiki. Cire shi ɓoye cutar yake, kuma inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana shan fetur yana cin kansa. Idan ya lalace a sa sabo.

Baƙin mai a juye in lokacinsa ya kusa, a cika shi zuwa layin sama na sandar awo, kada ya wuce. Dalili shi ne, a cikin doguwar kwana mai yakan kwanta gefe guda. Idan ya yi ƙasa, famfo sai ya zuƙi iska, kuma 'yan daƙiƙu kaɗan a haka sun isa inji ya buga. Matatar iska a sa sabuwa. Masu cire ta don mota ta "yi numfashi" yashi suke ba injin ya ci. Batir kuma a ɗaure shi da ƙarfensa, igiyar roba ba ta riƙe shi idan mota ta karkata. Fetur a sha a gidan mai da aka sani, rabin tanki ko fiye. Na 'yan bumburutu a bar shi sai ranar tsiya.

Inda kuɗi ba sa zuwa

Saurayi ya sami kuɗi, wurin mai walda yake nufa a fasa salansa don ta yi ƙara, sai manyan wili, sai fitilu masu kala, sai a yanke sifirin don mota ta kwanta. Babu ɗaya a cikinsu da ke rage tazarar tsayawa da ko taƙi guda, yanke sifirin ma ɓata tuƙin yake. Sabon shiga bai isa ya ƙure ƙarfin da motarsa ta zo da shi daga kamfani ba, balle ya nemi ƙari.

Akwai abin lura a tarihin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, wadda iyayenmu suka yi ta loda wa buhuna da fasinja. A shekarar nan ta 1975 ita ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wani ɗan Suwidin mai suna Ove Andersson na tuƙi. Na biyu da na uku motocin Lancia Stratos ne, waɗanda aka ƙera musamman don tsere, sun kuma fi ta ƙarfin inji ƙwarai. Hanyar dubban kilomitoci ce ta ƙura da laka da duwatsu, kuma juriya ce ta kai Fijo gaba.

Cikin mota da jikin direba

A kwashe komai. Jarkar fetur, jak, sifanu, buta, dadduma, carbin da ke lilo a madubi, har tabarmar ƙafa ta wajen direba, don tana iya zamewa ta danne totur. Robar ruwa guda da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo jana'iza.

Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi a 1959, a Najeriya kuma tun 2003 aka tilasta ɗaura shi. Har yau wasu ta bayan kujera suke maƙala shi don motar ta daina ƙara. A zaro shi duka a duba ko ya tsattsage, sannan a fizge shi da ƙarfi, dole ya ƙulle. Kujera kada ta yi girgiɗi. Hular kwano ta gaske ake sawa, irin ta masu babur mai maɗauri a haɓa, ba ta leburorin gini ba. Babbar riga da silifa a bar su gida, a sa rufaffen takalmi mai siririn ƙasa.

Zaman ma gyara yake so. Masu wasan mota sun saba kwantar da kujera, hannu ɗaya a sitiyari, gwiwar ɗayan a taga. A miƙe kujera, a matso har wuyan hannu ya iya hawa saman sitiyari kafaɗa na jingine, a riƙe da hannu biyu, dama da hagu. Wanda ya sha wani abu don ya ji ƙarfin zuciya, ƙwaya ce ko ta kwalba, ba shi ba fili. Wanda bai yi barci ba ma haka.

Magana ɗaya da ba ta shafi sifana ba. Inshorar da yawancinmu ke yanka ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta motarka ba, kuma kamfanonin inshora ba su cika ɗaukar abin da ya faru a filin gudu ba. Motar aro ba ta shiga, haka wadda ake haya da ita a ci abinci a gida.

Ranar fita

Fili sai da izini: mai unguwa ko dagaci da hakimi, ƙaramar hukuma, 'yan sanda, da jami'an kiyaye haɗurra. Ƙungiyar direbobi ko ta kanikawa ta fi mutum ɗaya bakin neman wannan. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe mai taurin ƙasa, nesa da gidaje da burtali, babu itace, babu turken lantarki, babu tsohuwar rijiya. A taka shi da ƙafa a tsince duwatsu. A ƙasar Babura a kula da yashi mai laushi, domin motar da ta zame a gicciye idan tayarta ta nutse, kifewa take. Saboda wannan ne manyan motoci masu tsayi, jif da bas, ba sa shiga. Alamun hanya a yi su da jarkokin roba marasa komai a ciki, waɗanda in an taka ba abin da zai faru.

'Yan kallo su ne babban haɗari, don yara ba sa jin "ku matsa". A ja igiya nesa, a sa masu tsaro, kuma kada kowa ya tsaya ta bayan kwana, inda mota ke nufa idan ta ƙwace. A tanadi abin kashe gobara, da ma'aikacin lafiya, da mota guda da ke fuskantar hanyar asibiti da makulli a jiki. Tuta biyu sun isa: rawaya a rage gudu, ja a tsaya. A fara da sassafe a tashi kafin rana ta take.

Mota ɗaya a lokaci ɗaya, direba da mai koyarwa kawai, kuma giya ta biyu ta isa. Gwajin farko na birki ne: a kai 40 a kan layi miƙaƙƙe, a taka da dukan ƙarfi. Mai motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa, zai ji birkin na rawa a ƙafarsa yana gurnani. Da yawa kan tsorata su saki, alhali aikinsa ke nan, a ci gaba da dannewa. Gara mutum ya fara jin wannan a fili da ya fara jinsa ran da yaro ya faɗo masa titi a Dambatta. Daga nan sai zagaya jarkoki. A rage gudu tun mota na miƙe, kafin a karya sitiyari. Ido ya kalli inda ake son zuwa, don hannu ido yake bi, wanda ya zuba wa jarka ido sai ya taka ta. Idan an karya kan motar ya ƙi juyawa yana tafiya gaba, gudu ne ya yi yawa. Ƙara murɗa sitiyari ba ya magani, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali har tayoyin gaba su sake kama ƙasa.

Minti 10 sun isa, sai hutu. Da zarar birki ya fara laushi, ko an ji ƙauri, ko allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa, a fito. Zagayen ƙarshe a yi shi a hankali ba tare da taka birki sosai ba, iska ta sanyaya faifai. Idan an tsaya kada a ja hambirki, domin yana iya liƙewa a jikin ƙarfe mai zafi, a sa itace a gindin taya. A ɗaga bonet, a bar inji ya yi minti biyu ko uku yana aiki kafin a kashe. Murfin lagireto kuwa kada hannu ya kusance shi sai inji ya huce sarai. Bayan an huce a sake bin notin taya, a duba man birki da baƙin mai, a leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga.

A hanyar komawa gida dokar titi ta dawo: ƙaramar motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya.

Tambayoyi da aiki

1. Mota na gudun kilomita 60 a awa. Mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya? Ku nuna lissafin.

2. Wata mota takan tsaya cikin mita 8 daga gudun 40. Mita nawa za ta buƙata daga gudun 80 a kan hanya iri ɗaya?

3. Wani direba ya gangaro daga tudu da kaya yana ta taka birki, sai birkin ya tafi ƙasa. Bayan rabin awa ya dawo daidai. Ku bayyana abin da ya faru, da abin da ya kamata ya yi kafin ya sake ɗaukar fasinja.

4. Ku tattauna a aji: idan ƙungiyar direbobin garinku za ta nemi fili don irin wannan gwaji, wane wuri ya dace, wa za a fara gani, kuma su wa za su tsare yara?

5. Kafin darasi na gaba, kowa ya sami mota ɗaya, tasa ko ta maƙwabci ko ta tasha, da izinin mai ita. Ya rubuto lambobi huɗu na ƙarshe na kowace taya har da safaya, ya fitar da shekarun kowacce, ya kuma rubuto awon iskar da ke jikin ginshiƙin ƙofa da wanda geji ya nuna.